Keso: Tarihin Lambar 20,000

Keso buhun tabarma ne da ake ɗura wuri 20,000 a ciki, daga baya sunan ya koma kan adadin kansa. A lissafin dā ana cewa zambar ashirin. Bayanai sun saɓa kan sunan: Hausawa sun riƙe keso, Baturen matafiyi Heinrich Barth kuwa ya rubuta takrufa. Kan adadin dai bakinsu ɗaya.

Shaida mafi ƙarfi daga Tasawa ta fito, a jihar Maraɗi ta yanzu. A watan Janairun 1851 Barth ya ga ana ƙirga wuri 500,000, wato keso 25. Wurin ƙasar Hausa ba a shirya shi a zare, sai a zube shi a ƙasa, mai ƙirga ya riƙa jan biyar-biyar da yatsu. Biyar sau huɗu hauya ce, wato 20. Hauya goma ta ba da tsibin 200, tsibi biyar dubu, dubu ashirin a ɗaure bakin keso. Ko an ce maka buhu cike yake, ba ɗan kasuwar da zai karɓa bai sake ƙirgawa ba. A Kano a shekarar nan wuri 2,500 ke sayen riyal ɗaya na azurfa, keso guda riyal 8 ke nan.

Lambar ta dace da wannan aiki. In aka yi ta farfasa ta, 2 da 5 kaɗai ake tararwa: 2 sau biyar a jere (32), a ninka da 5 sau huɗu a jere (625). Lambobi 30 ne ke raba ta ba saura, cikinsu har da 5, 20, 200 da 2,500. In aka tara su ban da ita kanta, ana samun 29,203, wanda ya zarce ta, shi ya sa masana lissafi ke sa ta cikin lambobi masu yalwa. Ba murabba'i ba ce, tana tsakanin 19,881 (141 sau 141) da 20,164 (142 sau 142). Aibinta guda: ba ta rabuwa uku. Abokan ciniki uku da keso ɗaya, kowa 6,666, wuri biyu su rage ana kallon juna.

Kuɗin Turawa sun kori wuri a farkon ƙarni na 20, amma ƙirgan biyar-biyar bai tafi ba. Sefa ta zo a 1945, kuma har yau a kasuwar Madarumfa ta jihar Maraɗi dala ɗaya sefa 5 ce, jika ɗaya dala 200, daidai da tsibin da Barth ya gani. A tsallaken iyaka, wajen Jibiya, a dā jaka fam 100 ce, ta zama naira 200 bayan canjin kuɗi na 1973. Wanda ya riƙe sefa 20,000 a Madarumfa jika ashirin zai ce.