Hanyar Gwanja da Ilmin Tafiyar Ƙasa na Fataken Hausa

Kafin zuwan jirgin ƙasa, yawancin goron da a ke ci a ƙasar Hausa da ƙafa a ke zuwa a ɗauko shi. Tsakanin Kano da Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja wadda yanzu ta ke cikin arewacin Gana, ko tsuntsu ne ya miƙe sai ya yi fiye da mil 600, balle mutum da jaki masu kewaya dutse da kogi da ƙasar abokan gaba. Nufin wannan takarda shi ne a nuna cewa tafiyar nan ilmi ce mai ƙa'idodi, waɗanda madugai suka gada kaka da kakanni, watau sanin hanyar da za a bi, da lokacin tashi, da tsawon zango, da yadda za a zauna lafiya da masu ƙasa. Da waɗannan ƙa'idodi ne ayari mai mutum dubu, har da mata da yara, ya kan je ya komo.

Asalin hanyar

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya juya da Ingilishi cikin 1908, ya nuna cewa a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, wajen 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja, a zamanin Yakubu da ya biyo baya kuma fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina. Sunan goro kansa yana goyon bayan wannan labari, gama Mandawa na yamma “woro” su ke kiransa, Zabarmawa kuma “goro” kamar mu. Alama ke nan daga yamma abin ya zo mana tare da sunansa.

Goro ba ya fita a Gwanja. A kurmin ƙasar Tonawa, watau Asante, ya ke. Da Tonawa suka rinjayi Gwanja da Dagwamba wajen tsakiyar ƙarni na 18, sai Salaga ta yi ta bunƙasa, har a ƙarni na 19 sarakunansu suka mai da ita iyakar baƙin arewa. Su ke kawo goro can, falke kuwa ba shi da izinin wucewa zuwa kurmi. A wannan ƙarni ne fataucin ya kai matuƙa, a hannun jama'a uku musamman: Agalawa da Tokarawa na ƙasar Kano da Katsina, da Kambarin Barebari waɗanda cibiyarsu Gummi ce. Barth, wanda ya zo Kano cikin 1851, ya ƙiyasta goron da ke shiga birnin kowace shekara ya fi kayan jaki 500, kowane kaya kuwa in ya iso lafiya ya kan yi wajen wuri 200,000.

Hanyoyi uku

Falke ba hanya ɗaya gare shi ba. Akwai manya guda uku, kowace da rassanta.

Ta arewa ta kan bi ta Sakkwato ko Jega, a ƙetare Kwara wajen Gaya ko Sayi, a ratsa ƙasar Gurma, a gangara Sansanin Mango da ke arewacin Togo a yau, sa'an nan Yandi, babban birnin Dagwamba, sai Salaga. Sarari ce, tsando bai yi yawa ba, saboda haka dabbobi sun fi jin daɗinta. Aibinta ƙarancin ruwa da rani.

Ta tsakiya ta kan bi ta Zamfara da Yawuri ko Ilo, a ƙetare zuwa ƙasar Bargu, a bi ta Nikki zuwa Zugu, wadda taswirar Faransawa ke rubutawa Djougou, daga nan a ratsa duwatsun Kotokoli zuwa Yandi ko a miƙe Salaga. Ta fi ta arewa kusa, amma Bargawa sun yi suna wajen tare fatake.

Ta kudu kuwa ta Zazzau da ƙasar Nufe ta ke bi, a ƙetare Kwara a shiga Bargu ta kudu. A kan wannan ce Clapperton ya gamu da wani ayari a Kayama cikin 1826, yana komowa daga Gwanja zuwa Hausa, ya ce mutanensa maza da mata sun fi 1,000, dabbobin kaya ma kamar haka.

Madugu bai kan zaɓi hanya domin kusancinta ba. Labarin shekarar ya ke bi. Alal misali, daga 1849, da Kabawan Argungu suka yi wa Gwandu bore a ƙarƙashin Yakubu Nabame, mashigan Kwara na arewa sun zama abin tsoro shekaru da yawa, in banda 'yan shekarun sulhun nan da a ke kira Lafiyar Toga. Saboda haka tun kafin a ɗaura kaya madugu ke tambayar waɗanda suka komo: wane sarki ya mutu, wa ya gaje shi, ina a ke yaƙi, ina aka ƙara kuɗin fito. Karin maganar nan da ke cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara, ga falke ƙa'idar sana'a ce.

Shiri da tsarin ayari

Galibi da kaka a ke tashi, bayan ruwa ya ɗauke, koguna sun fara janyewa, hatsi ya yi araha a ƙauyuka, ga kuma sauran ciyawa domin dabbobi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da sauran watanni falke ke tara hajja, watau kanwa, da riguna da turkuɗi da sauran saƙar Kano, da jan fata da takalma, da gabu, da tozali da duwatsun wuya. Ya kan gyara akumari da mangala da taiki, ya duba bayan kowane jaki ko da miki, gama jakin da ya tashi da miki ba zai ga Kwara ba. Guzuri kuwa abin da ba ya lalacewa ne, kamar garin gero da ƙuli-ƙuli da kilishi da daddawa. Sauran abinci a hanya a ke saye, da wuri ko da ɗan gutsuren kanwa.

Ƙa'ida ta fari ita ce ba a tafiya a ɗaiɗai. Ƙananan fatake su kan taru a wani gari da aka yi alkawari, kowa da jakunansa da barorinsa da bayinsa, su sa kansu a hannun madugu ɗaya. Shi ke da ikon tashi da sauka, shi ke raba gardama, shi ke magana da sarakuna. Jagaba ke gaba, shi ya san mararraba da mashigi da wuraren da 'yan fashi ke kwanto. Uban dawaki ke tattara abin da za a biya a kowace ƙasa bisa ga yawan kayan kowa. Akwai kuma malamin ayari, mai duba ranar tashi, mai jan salla, mai rubuta lissafi da wasiƙu, in wani ya rasu a hanya kuma shi ke ƙididdige dukiyarsa domin magada. Madugu kansa a baya ya ke tafiya, domin kada a bar gajiyayye ko wanda kayansa suka zube. Wannan ya nuna saurin ayari duka gwargwadon ƙarfin raunanansa ne.

Tafiyar yini

Tun da asuba a ke labta kaya, a kama hanya da sanyin safiya, a sauka kafin rana ta take tsaka ko jim kaɗan bayan haka. Tafiyar yini ba ta cika wuce mil 10 zuwa 15 ba. Mai gaggawa zai rena wannan, amma jaki sai ya yi kiwo da rana kafin ya ɗauki kaya gobe, mai ɗauke da kaya a ka kuwa in ya ƙure ƙarfinsa yau, gobe ba shi da abin tafiya. A manyan garuruwa kamar Jega da Nikki da Zugu a kan yi kwanaki, a huta, a yi ciniki, a sake jakunan da suka gaza. Da haka tafiyar zuwa kaɗai ta kan ci wata biyu ko uku, zuwa da komowa kuwa daga wata shida har shekara. Sannu ba ta hana zuwa.

Falke da zango ya ke auna nisa, zango kuwa ruwa ke yanke shi. Inda rijiya ko gulbi ya ke, nan a ke sauka, ko da rana ba ta yi ba. Inda kuwa babu ruwa ko babu aminci, sai a cika salka a haɗa yini da dare. Dajin Gundumi, tsakanin Zamfara da Sakkwato, shi ne sanannen misali, gama Gobirawa sun addabe shi da hari. Da Barth ya ratsa shi cikin 1853, sai da suka yi tafiyar fiye da sa'a 20 ba hutawa. Ruwan ma ba kowane ba, domin ruwan tafki shi ke kawo kurkunu, wanda ya kan kwanta a jiki wajen shekara kafin ya fito ya ɗaure ƙafa. Salaga kanta, duk da ɗimbin rijiyoyinta, sayen ruwa a ke yi da rani.

In an sauka, a bayan gari a ke yin zango. Maza su sare itace da ciyawa su kafa bukkoki, a tara kaya a tsakiya, a ɗaure dabbobi kusa, mata su ɗora girki, a shafa wa faso man kaɗanya, da dare kuma a yi gadi bi da bi. Madugu ya tafi gaida sarkin gari da riga ko kanwa, a daidaita abin da za a biya. Fatake suna da baka da mashi da takobi, wasu har da bindiga, amma madugun kirki ya san biyan fito ya fi faɗa araha, tun da baɗi ma ta nan zai biyo.

Komowa da goro

A Salaga kowane falke yana da mai gidansa, wanda ke saukar da shi, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an yi bashi. Wajibi ne kuma a faɗi cewa Salaga babbar kasuwar bayi ce, musamman a zamanin da mayaƙan Zabarma, su Gazari da Babatu, ke harin ƙasar Gurunsi a ƙarshen ƙarni na 19. Da yawa daga cikin masu ɗaukar kayan ayari ba da son ransu suka taka hanyar ba.

Komowa ta fi zuwa wuya, domin goro ɗanyen kaya ne. Iskar hunturu ta kan busar da shi, zafi ya ruɓar da shi, sankara kuma in ta kama ɗaya sai ta bi sauran. Saboda haka a kan shimfiɗa ganyen fita a naɗe shi cikin huhu ko waga, bayan 'yan kwanaki a kwance, a tsince wanda ya ɓaci, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Wannan aiki shi ma yana cikin abin da ke tsara kwanakin hutu a hanya. Falken da ya yi ragwancin kwance huhu ya kan iso Kano da kaya cikakku da riba kaɗan.

Mutuwar hanyar

Abu uku suka kashe ta. Cikin 1874 Ingilishi suka ci Kumasi, Gwanja ta fita daga hannun Tonawa, su kuwa suka karkatar da goro zuwa Kintampo da wasu kasuwanni. Cikin 1892 yaƙin basasa ya tashi a Salaga a kan sarauta, baƙi suka watse zuwa Kete Karachi da Yeji da sauransu. Cikin waɗanda suka bar ta daga baya har da shahararren malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna Kete Karachi har ya rasu cikin 1934. Na uku shi ne jirgi. Tun kafin ƙarshen ƙarni na 19 an fara ɗaukar goro ta teku zuwa Ikko, da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911 kuwa, tafiyar wata uku ta koma ta 'yan kwanaki. Alhassan Ɗantata, Ba'agale na Bebeji, wanda ya rayu daga 1877 zuwa 1955, yana cikin na farko da suka juya ga sabuwar hanyar. Daga baya Yarabawa suka dasa irin goron Tonawa a ƙasarsu, har yau kuwa “gbanja” su ke kiransa, watau na Gwanja.

Abin da ya saura a harshe

Hanya ta mutu, amma kalmominta suna nan. Jam'in falke ko farke fatake ne, sana'ar kuma fatauci. Wannan ya nuna asalin kalmar da “t” ne, ta rikiɗa zuwa “r” ko “l” domin ta faɗo a ƙarshen gaɓa, bisa ga ƙa'idar da Klingenheben ya bayyana cikin 1928, irin sauyin da ke nuna tsufan kalma a harshe. Zango ya zama sunan gari, kamar Zangon Katab da Zangon Daura, ya kuma zama sunan unguwar baƙi Musulmi a Kumasi da Ankara da Lome da Kwatano. Madugu da jagaba sun koma bakin 'yan siyasa. Ƙwarya a bakin mai goro har yanzu ɗari ce. Amma ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana ɗauke da sunayen goro iri iri, kamar marsa da minu da daushe da laɓoji, waɗanda ɗalibi na yau ba kowanne zai iya bambantawa ba.

Waɗanda suka taka hanyar da ƙafarsu duk sun riga mu gidan gaskiya. Paul Lovejoy ya sami zantawa da tsofaffin fatake a ƙasar Kano cikin 1969 da 1970, abin da ya tattara kuwa ya fito cikin littafinsa na 1980, amma da Ingilishi. Abin da ya rage yana hannun jikoki a Bebeji da Gummi da Jega da zangunan Gana: jerin sunayen zanguna, da kirarin madugai, da tsofaffin wasiƙun ajami a cikin gafaka. Malaman kwalejojin horon malamai sun fi kowa damar tattara su, gama ɗalibansu daga waɗannan garuruwa su ke fitowa. Zai kyautu kowane ɗalibi da zai tafi hutu a ba shi tambaya uku ya kai wa dattawan gidansu: wa ya je Gwanja a zuriyarku, ta wace hanya ya bi, ina da ina ya kwana. A rubuta amsa da Hausa yadda aka faɗe ta, da sunan gari da ranar da aka ji. In jerin zanguna ya taru daga gidaje da yawa, za a iya gwama su a zana taswirar hanyoyin nan uku zango zango, da sunayen da fatake da kansu suka san su da su.