Hannun Maɗori da Gaɓar Ɗan Adam a Ƙasar Gwarzo

Mu da muka taso tsakanin Gwarzo da Kabo mun san cewa in kaka ta yi, aka fara kokawa da dambe a dandali, to ƙofar gidan maɗori ba ta rabuwa da jama'a. Wani ya faɗo daga kan jaki, wani kafaɗarsa ta goce a wurin kokawa. Kafin 1959, shekarar da aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a birnin Kano, mutumin Getso ko na Garo ba shi da wata madogara sai wannan dattijo da ya gaji sana'ar kaka da kakanni.

Abin lura shi ne, Bahaushe ya bambance karaya da tsagewar ƙashi, ya bambance targaɗe da gocewa. Biyun ƙarshe duk ciwon gaɓa ne. Ƙasusuwa biyu da suka haɗu a gaɓa ba su goga juna kai tsaye. Guringuntsi mai santsi ne ya lulluɓe bakin kowanne, ga kuma wani ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa a tsakani. Kan ƙashin cinya yana zaune cikin rami mai zurfi, tamkar taɓarya a turmi, shi ya sa da wuya ya fita. Na kafaɗa kuwa a kan ɗan kasko marar zurfi yake. In mutum ya ɗaga hannu, kan ƙashin sai ya mirgina sama, a lokaci guda kuma ya zame ƙasa don kada ya fice. Ita ma gwiwa, mirginawa take yi da zamewa, sannan ta ɗan murɗa ta kulle idan ƙafa ta miƙe sarai. Maɗori bai karanta wannan a littafi ba, amma in ya ja hannu a hankali yana murɗawa har aka ji "ƙwas", hanyar nan ya bi.

Tsohon ilmi ne a duniya. Al-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin karaya da gocewa a littafinsa At-Tasrif. Amma sai a 1895, da aka gano hasken hoton ƙashi a Jamus, aka iya leƙa gaɓar mai rai ba tare da an tsaga shi ba.

A nan ne muke ganin inda ɗorin gargajiya ya kasa. Gaɓa in aka ɗaure ta da karare ta daɗe ba motsi, sandarewa take yi, yaro ya girma hannunsa bai lanƙwasuwa. In kuwa ɗaurin ya matse jini, hannun ya kumbura ya yi baƙi, sau da yawa sai an yanke a Dala. Marubutanmu kan sa jarumi ya faɗo daga babur, a ɗora shi da yamma, da safe ya miƙe da gudu. Karayar ƙaurin baligi kan ɗauki wata uku ko fiye kafin ta haɗe.