Daga Zangon Fatake Zuwa Kwanan Fadama: Tarihin Fitar Uba Da Ɗansa Daji A Ƙasar Gwandu



A kakar bara yayana ya tara magidanta shida na unguwarmu, shi na bakwai, ya ce yana son su riƙa zama da 'ya'yansu sau biyu a wata, in sanyi ya shigo kuma su je su kwana ɗaya a fadama wajen Kalgo. Ni ba ni da aure balle ɗa, sai aka miƙo mini littafi da biro aka ce ni ne magatakarda. A zaman farko wani dattijo ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, "Yaran nan, wannan ai aikin Nasara ne. Yaushe Bahaushe ya fara kai ɗansa daji shan iska?" Ranar ba wanda ya iya ba shi amsa. Tambayarsa ce ta sa ni bin tarihi, na kuma tarar rabin maganarsa gaskiya ce. Fita don shan iska baƙon abu ne a wurinmu. Amma kwanan daji na uba da ɗansa ya girme zuwan Nasara nesa ba kusa ba, sai dai a da karatu da sana'a ne suke kai su.

Mu fara da Gwandu. Tun kafin jihadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi yawon wa'azi a ƙasashen Kabi da Zamfara, ƙanensa Abdullahi yana biye da shi yana ɗaukar karatu a hanya. Malam Abdullahi ya ba da labarin waɗannan tafiye-tafiye a littafinsa Tazyinul Waraƙati. A watan Fabrairun 1804 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, lokacin Muhammadu Bello bai wuce shekara 23 ba, Nana Asma'u kuwa ba ta wuce 11 ba. Daga Gudu jama'a ta yi ta sauya sansani, ga yaƙi ga yunwa, har ta sauka Gwandu a 1805. Shehu ya zauna nan har wajen 1810 da ya koma Sifawa. Ba wanda zai kira wannan yawon jin daɗi. Abin lura kawai shi ne, Bello da Asma'u, waɗanda har gobe ake karanta rubutunsu, sun ga mahaifinsu da idonsu a halin ƙunci da rashin matsuguni, ba labari aka ba su ba.

Sai fatake. A ƙarni na 19 hanyar goro ta ratsa ƙasar Gwandu. Ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato ya biyo ta Jega, ya ƙetare kogin Kwara ta wajen Yawuri ko Illo, ya ratsa Borgu har Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Gana ta yau. Su tafi da kanwa da tufafi da jemammiyar fata, su komo da goro. Zuwa da dawowa kan ci wata shida har shekara. Baturen nan Kilabatan ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000, maza da mata, dabbobin kaya ma kamar haka.

Taro irin wannan ba ya tafiya kara zube. Akwai madugu uban tafiya, shi ke yanke ranar tashi da wurin yada zango, shi ke sasanta rigima. Akwai jagaba, masanin hanya da ke gaba. Akwai uban dawaki, mai tara kuɗin fito da harajin da ake biyan sarakunan hanya. Akwai malamin ayari, mai lissafi da rubutu da addu'a. Yaron da ubansa ya ɗauko kuwa daga ƙasa yake farawa: korar jaki, ɗaurin kaya, ɗebo ruwa da itace, gadin dare. Kafin a dawo ya san inda rijiya take, ya san gaisuwa da harshen mutanen hanya, ya kuma san halin ubansa ranar da guzuri ya ƙare.

Wanda bai yi fatauci ba, fadama ta ishe shi makaranta. A Kalgo da garuruwan bakin gulbi, ɗan Basarke a jirgin ubansa yake koyon jefa birgi da kafa gura, a nan yake rarrabe tarwaɗa da kurungu da gaiwa da giwan ruwa, ya san minjirya ba a kama ta da garaje. Su ma yana da shugabanci, domin Sarkin Ruwa ne ke rufe ruwa, shi ke buɗe shi. Bikin Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yau a 1934 da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, UNESCO kuma ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, daga wannan su na gargajiya ya tsiro. Ɗan manomi shi ma yakan kwana a bukka da ubansa in shinkafa ta nuna, suna tsaron tsuntsu da ɓarayi.

Me ya raba mu da wannan? Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma biyowa ta teku zuwa Ikko, daga baya motoci suka ƙarasa kashe ayarin jakuna. Boko ya ɗauki yaro da safe, ofis ko shago ya ɗauki uba har dare. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar raba uba da ɗa. Sana'ar da ke haɗa su ce ta sauya.

Turawa sun riga mu shiga wannan hali, su suka fara neman magani ta hanyar ƙungiya. A watan Agustan 1907 wani hafsan sojan Ingila, Baden-Powell, ya kai yara 20 tsibirin Brownsea suka yi zaman sansani. A 1908 ya fitar da littafinsa, ƙungiyar 'yan sikawut ta kafu, ta iso Nijeriya a 1915. Wani abin sha'awa, mutumin nan yana cikin rundunar da ta shiga Kumasi a 1896, wato ya san dajin Asante, inda goron da fatakenmu ke saye a Salaga yake fitowa. A 1951 kuma aka buɗe cibiyar Man O' War a gaɓar tekun Kamaru, wadda reshenta ke Dutsen Shere a Jos yau, duk wanda ya yi kwalejin fasaha ya ga 'yan ƙungiyar suna fareti. Waɗannan sun koya wa yaranmu ƙulla igiya da kafa tanti da agajin gaggawa, ba a raina musu. Sai dai a cikinsu duka malami ne ke gaba. Aikin uba ya sa hannu a takarda ya ba da kuɗin mota.

Wannan gurbi ne wasu suka hango a Amurka. A 1926, a birnin St. Louis, wani jami'in ƙungiyar matasan Kirista ta YMCA mai suna Harold Keltner da abokinsa Joe Friday, mafarauci ɗan ƙabilar Ojibwe, suka kafa tsarin da yaro ba ya shiga sai da ubansa. Ƙananan rukunai ne, ana zama gida-gida bi da bi, lokaci-lokaci a fita kwanan daji. A 1954 aka buɗe na uba da 'yarsa. Amma sun yi kuskure ɗaya: sun ari sunaye da shigar 'yan asalin ƙasar suna wasa da su, masu abin suka yi ta ƙorafi, har aka sauya sunan tsarin a farkon shekarun 2000. Da na karanta wa su yaya wannan, sai muka ce mu ba ma bukatar rigar aro, tunda ga tsarin ayari kakanni sun bar mana.

Yaya ya zama madugu. Wani manomi da ya san fadamar ya zama jagaba. Mai riƙe kuɗin karo-karo uban dawaki. Ni malamin ayari. Zama na biyu ne ya kusa wargaza mu, domin yara goma sha ɗaya suka zo, iyaye uku kacal. Wani ya aiko direba, wani ya aiko ƙanensa da naira dubu biyu. Yaya ya sallami kowa, ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Na ji yana ce wa ɗayansu, "Alhaji, ba kuɗinka muke nema ba, ƙafarka muke nema." Mutum biyu suka ji haushi suka fita, har yau ɗaya ba ya amsa gaisuwarmu da sakin fuska. Daga nan muka rubuta doka: yaro ba ya zuwa sai da ubansa, maraya kuma baffansa ko kawunsa ya tsaya masa, kuma mutum ɗaya ne kullum, ba yau wannan gobe wancan ba.

Maganar tsaro ta fi kowace nauyi. Tun da aka sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri ranar 17 ga Yunin 2021, ba uwar da za ka ce wa za ka kwana da ɗanta a waje hankalinta ya kwanta. Iyaye mata suka kafa sharaɗi, muka bi. Ba mu shiga daji ba. Garkar wani ɗan uwa muka sauka, inda ake jin kiran sallar gari. Madugu ya je ya faɗi gaban mai gari tun da mako guda, aka sanar da 'yan banga. Kowane uba ya zo da tabarma da gidan sauro da tocila, ba yaron da ya taka ƙasa ba takalmi saboda kunama da maciji. 'Yan mata ba su kwana ba, su aka yi tafiyar yini da su zuwa Gwandu, ziyarar hubbaren Malam Abdullahi, a can aka ba su labarin Nana Asma'u.

Abu biyu ba zan manta ba a daren Kalgo. Da yaya ya durƙusa ya haɗa kirare ya hura wuta, ɗansa mai shekara takwas ya tsaya yana kallonsa, can ya ce, "Baba, ashe ka iya?" Shekara takwas suna gida ɗaya, bai taɓa ganin ubansa ya yi wani abu da hannunsa ba in ban da tuƙi da danna waya. Na biyun ni ya shafa. Da safe yaron ya nuna wani ɗan itace mai ganye rabe biyu kamar sawun raƙumi, ya ce, "Baffa, wannan fa?" Na yi shiru. Jagaba ya yi dariya, ya ɓare ɓawon ya murza igiya a cinyarsa, ya ce, "Malam marubuci, kalgo ke nan." Ina da difloma, ina ƙungiyar marubuta, ina tsaye a ƙasar Kalgo, ban san kalgo ba.

A nan ne abin ya shafe mu, 'yan uwa. Littattafan da suka fito daga gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, labaran hanya ne, marubutansu sun san zango da ayari da dawa. Mu yawancin labaranmu daga falo sai mota sai asibiti, uba a ciki ko mai tsawa ne ko mai sa hannu a cak. In muka kai tauraronmu daji sai mu ce "wata bishiya", "wani tsuntsu", don ba mu san sabara da geza da marke ba. Abin da ba ka taka ba, da wuya ka rubuta shi ya yi rai.

Aikin wannan mako ga mai sha'awa: ka samu mahaifinka, ko baffa ko kawu in ya rasu, ka tambaye shi daren farko da ya kwana a waje tare da nasa uban. Ina ne, me ya kai su, me suka ci, me ya ba shi tsoro? Ka rubuta shafi ɗaya da sunayen itatuwa da kifaye da kayan aiki yadda ya faɗe su, kada ka gyara masa Hausa. Ni na yi wa dattijon nan namu wannan tambaya. Ya ce in dawo bayan la'asar, labarin ba na tsaye ba ne.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan magabata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.