Fiɗar Rage Ƙiba da Lafiyar Ƙoda: Yadda Aka Fara da Inda Aka Kai

 Yau za mu ba ku tarihin wani aikin likita da ake kira fiɗar rage ƙiba, watau tiyatar da ake yi wa mutumin da ƙiba ta yi masa yawa har ta zama ciwo. Wataƙila wani zai ce, me ya haɗa manomin masara da auduga na Funtuwa ko Malumfashi da wannan magana? To, ku dakata ku ji.

A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da na Libaful ta Ingila sun zauna a ƙasar Malumfashi suna binciken cututtukan ƙauye. Cikin manyan abubuwan da suka duba har da tsargiya, wadda kan ɓata mafitsara, wani lokaci ta taɓa ƙoda. A zamanin nan yawancin mutane da ƙafa ko keke suke zuwa gona da kasuwa. Yanzu kuwa babur ya yawaita, lemon kwalba da shayi mai suga sun shiga ko'ina, ƙiba ta ƙaru, ta jawo hawan jini da ciwon suga. Waɗannan biyu su ne manyan masu kashe ƙoda. Mu kuwa har yanzu in mutum ya ajiye tumbi sai mu ce ya ji daɗi.

Ku san cewa kusan kowane mutum yana da ƙoda biyu, a cikin kowace ɗaya akwai 'yan matatai ƙanana kimanin miliyan guda. Kullum suna tace ruwan jini wajen lita 180, kusan cikin duro ke nan, su mayar da mai kyau cikin jiki, su fitar da dauɗa ta fitsari. Matatan nan ba su ƙaruwa bayan haihuwa. Idan jiki ya ninka, aikinsu ya ninka, kamar jaki ɗaya da aka ɗora wa kayan jakuna biyu. Sannu a hankali sai su yage, abincin jiki ya riƙa zurarewa cikin fitsari, fitsarin ya riƙa kumfa. A cikin 1974 ne wani likita mai suna Weisinger da abokan aikinsa suka bayyana cewa ƙiba mai tsanani ita kaɗai tana iya jawo wannan.

To, ga yadda fiɗar ta faro. A cikin 1954 wasu likitoci a Jami'ar Minesota ta Amurka, Kremen da Linner, suka ba da labarin wata dabara. Suka ce tun da ƙaramin hanji ne ke tsotse abinci, in an gajarta hanyar da abinci ke bi, mutum zai rame ko da yana ci. A cikin 1969 Payne da DeWind na birnin Los Anjalis suka tsara yadda za a yi. Ƙaramin hanjin mutum ya kai wajen ƙafa 20, amma sai su bar inci 14 daga sama da inci 4 daga ƙasa su haɗa, watau kamu ɗaya ke nan ke aiki. Dubban mutane aka yi wa haka, kuma lalle sun rame.

Amma garin neman gira aka rasa ido. Bayan 'yan shekaru sai mutanen nan suka riƙa komowa asibiti da zawo marar tsayawa, da ciwon hanta, da tsakuwar ƙoda. Wasu ƙodarsu ta mutu ɗungum. Da aka bincika sai aka gane dalili. A cikin ganyaye da wasu abinci akwai wani gishiri da likitoci ke kira okzalet. Ga mai lafiya, sinadarin kalsiyam, irin wanda ke cikin nono, shi ke kama gishirin nan a hanji, su fita tare a bayan gida. Amma idan hanji ya kasa tsotse mai, sai man ya ƙwace kalsiyam ɗin, okzalet ya rage shi kaɗai, ya shiga jini, ya tafi ƙoda ya daskare ya zama tsakuwa. Saboda haka wajen 1980 likitoci suka bar wannan aiki.

Tun kafin a bar shi, wani likita a Jami'ar Ayowa, Edward Mason, ya lura cewa waɗanda aka yanke wa sashen tumbi saboda gyambon ciki ba su cika yin ƙiba ba. A cikin 1967 ya bayyana sabuwar hanya: a rage tumbin, a ƙetare ɗan sashen hanji kaɗan. Aka yi ta gyara wannan dabara, har a cikin 1994 aka ba da labarin yin ta ta 'yan ƙananan huda, ba sai an tsaga ciki ba. Daga baya aka samo wata, wadda ake cire wajen kashi huɗu cikin biyar na tumbi, a bar shi siriri kamar ayaba, ba a taɓa hanji. Ita ce aka fi yi yanzu a duniya.

Shin waɗannan sababbin suna cutar ƙoda kamar ta farko? Mutanen ƙasar Suwidin sun ba da amsa. Tun daga 1987 suka fara bin mutum wajen 4,000 masu ƙiba, rabi an yi musu fiɗa, rabi ba a yi ba. A cikin 2018 suka ba da lissafi: cikin waɗanda aka yi wa, mutum 13 ne ƙodarsu ta gaza sarai, cikin waɗanda ba a yi wa ba kuwa 26. Dalili a fili yake. Nauyi ya sauka, suga da jini sun daidaita, ƙoda ta sami sauƙin kaya. Amma har wa yau wanda aka ƙetare wa hanji ya fi sauran mutane saurin samun tsakuwa.

To, jama'a, fiɗar nan ba ta ado ba ce, ba kuwa ta kowa ba ce. Sai wanda ƙibarsa ta kai matuƙa, likita ya auna ya ga babu makawa. Ba a yin ta a dispensa, kuma tana da tsada, wasu har Indiya ko Masar suke zuwa. Idan akwai wanda aka yi wa a gidanku, ku gaya masa ya riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan yini duka, tun ba da bazara ba. Ya rage maiƙo da gishiri, kada ya cika alayyafo da gyaɗa da shayi mai kauri. Ya sha maganin da aka rubuta masa har abada, ya shawarci likita kafin ya ɗauki azumi. Ya guji ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, gama suna cin tumbi, suna raunana ƙoda.

Sauranmu kuma, kada mu sayi jiƙon rage tumbi a tasha ko a kasuwa, ba mu san abin da ke ciki ba. Ku tuna, idan ƙoda ta mutu sai wankin ƙoda, sau biyu ko uku kowane mako, a Zariya ko Katsina ko Kano, ko kuwa dashe, wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara yi a cikin 2002. Mutum nawa ne amfanin gonarsu na shekara zai iya ɗaukar wannan?

Ciwon ƙoda ba ya sallama, sai ya yi nisa ake jinsa. Saboda haka tun da ga ku a dispensa yau, kada ku koma gida sai kun roƙi malamin asibiti ya hau da ku sikeli, ya auna muku jini da suga, ya duba fitsari. Wanda ya ga kumfa a fitsarinsa, ko kumburin ƙafa da fuska da safe, ya faɗa masa. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.