Daga Jamus Zuwa Ƙofar Ruwa: Tarihin Golf da Ƙaramar Mota a Hannun Talaka

Gabatarwa

Duk wanda ya saba bin hanyoyin arewacin Nijeriya ya san Golf. Ita ke jigilar fasinja tsakanin ƙananan garuruwa, ita ke kai buhunan masara kasuwannin ƙauye, sau da yawa kuma ita ce motar farko ta malamin makaranta da ƙaramin ma'aikaci. Amma waɗanda suka ƙera ta a Jamus a 1974 ba su yi haka da mu a zuciya ba. Sun ƙera ta ne domin mazaunin birnin Turai da ke fama da tsadar mai da ƙarancin wurin ajiye mota. A wannan maƙala zan bi sawun yadda aka samar da ita, da hanyar da ta biyo ta iso gare mu, da dalilin da ya sa matashi irina yake ganin mallakarta a matsayin babban buri, alhali iyayenmu sun taɓa sayen mota sabuwa fil da albashinsu. Waiwaye adon tafiya ne, in ji Hausawa.

Yadda tsadar mai ta haifi ƙaramar mota

A 1956 rikicin mashigin Suwez ya jawo ƙarancin mai a Turai, har sai da gwamnatin Ingila ta koma raba fetur da awo. Wannan ne ya sa kamfanin British Motor Corporation ya ɗora wa injiniya Alec Issigonis aikin ƙera mota mai ƙarancin shan mai. A 1959 ya fito da Mini. Dabararsa ita ce ya gitta injin a gaba, ya sa shi ya riƙa juya tayoyin gaba, ta yadda mafi yawan tsawon motar ya zama na mutane da kayansu. A 1961 kamfanin Renault na Faransa ya fito da Renault 4, mai babbar ƙofa a ƙeya wadda ake ɗagawa sama a zuba kaya. Haɗuwar waɗannan dabaru biyu, gittaccen inji a gaba da ƙofa a baya, ita ce ta samar da irin motar da nake magana a kai: gajeriya, marar doguwar wutsiya, wadda ake kwantar da kujerunta na baya ta ɗauki kaya kamar ƙaramar a-kori-kura.

Kamfanin Volkswagen, wanda aka kafa masana'antarsa a Wolfsburg a 1938, ya daɗe yana dogaro da mota guda, wato Beetle, mai inji a baya wanda iska ke sanyayawa. A 1972 Beetle ta zarce Ford Model T a yawan adadin da aka ƙera, amma a daidai lokacin ne kasuwarta ta fara ja da baya, domin ta tsufa, ga ƙara, ga ƙarancin wurin kaya. Sai kuma ga takunkumin mai na ƙasashen Larabawa a watan Oktoba na 1973, wanda ya ninka farashin ɗanyen mai kusan sau huɗu. A Jamus ta Yamma har an hana tuƙa mota a wasu ranakun Lahadi huɗu. Cikin wannan hali ne aka fito da Golf a 1974, bisa zanen Ba'italiye Giorgetto Giugiaro, da inji a gaba mai sanyaya da ruwa. Ta ceto kamfanin daga durƙushewa. Golf 2 ta biyo baya a 1983, Golf 3 a 1991, Golf 4 a 1997, kuma a 2002 yawan Golf ya wuce na Beetle.

Lokacin da mai ya yi mana rana

Abin da ya zama masifa ga Turai, a wurinmu daula ya zama. Tashin farashin mai ya cika baitulmalin Nijeriya a zamanin Janar Yakubu Gowon. Rahoton kwamitin Jerome Udoji na 1974 ya kawo ƙarin albashi mai tsoka tare da biyan ariyas, kuɗi suka yawaita a hannun ma'aikata. A 1975 masana'antar Peugeot, wadda muke kira Fijo, ta fara harhaɗa motoci a Kaduna, ita ma Volkswagen ta buɗe tata a Legas, inda aka riƙa haɗa Beetle da wata mai ƙofar baya da aka raɗa wa suna Igala, asalinta daga Brazil. A wancan zamani wanda ya kammala jami'a yakan sami aiki, ya sami rancen mota, ya biya sannu a hankali daga albashi. Kawuna, wanda ya koyar a makarantar horon malamai, ta haka ya sayi Beetle, kuma har yau yana ajiye da takardar rancen a cikin jakarsa.

Abin lura a nan shi ne, yayin da Turawa ke rage girman mota domin tsimin mai, mu Fijo 504 ce ta zama ma'aunin isa, ita ce motar gwamnati, ita ce ta mai hali. Mai yana da araha, don haka babu dalilin tsimi. Akwai kuma wani sauyi da ba a cika tunawa da shi ba: a watan Afrilu na 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hagu irin na Ingila ta koma dama, kamar maƙwabtanta rainon Faransa. Wannan mataki ne ya sa daga baya tsofaffin motocin Jamus da Beljiyom da Holan suka dace da titunanmu ba tare da an sauya musu sitiyari ba.

Shigowa ta ƙofar baya

Daular ba ta ɗore ba. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, sannan a 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP. Naira, wadda a da take kafaɗa da kafaɗa da dalar Amurka, ta koma wajen huɗu a kan dala ɗaya, zuwa 1993 kuma ta kai wajen 22 a farashin gwamnati. Masana'antunmu daga waje suke sayo yawancin sassan da suke harhaɗawa, saboda haka farashin sabuwar mota ya fi ƙarfin albashi. Aikin Volkswagen a Legas ya tsaya, na Kaduna ya yi ta raguwa.

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Gurbin da sabuwar mota ta bari, tsohuwa ce ta cike shi. A Jamus doka ta wajabta a riƙa duba lafiyar mota duk bayan shekara biyu, kuma idan kuɗin gyara ya fi darajar motar, sayarwa ya fi wa mai ita sauƙi. Dillalai suka riƙa tara irin waɗannan motoci a Brussels, a loda su a jirgin ruwa a Antwerp, a sauke a Kwatano ta Jamhuriyar Benin, inda haraji bai kai na Legas ba. Da yawa ana rubuta su a matsayin kayan da za su wuce Nijar. Su bi ta Parakou da Malanville su tsallaka Gaya, daga nan su gangaro ta Ƙonni zuwa Illela, ko ta Maraɗi zuwa Jibiya. Sunayen da muka ba su ma tarihi ne: Yarbawa suka ce tokumbo, wato abin da ya zo daga ƙetaren teku, mu kuma muka ce 'yar Beljiyom ko 'yar Kwatano.

Cikin dukan waɗannan motoci, me ya sa Golf ta yi fice? Na farko, an ƙera ta da yawan gaske, don haka tsofaffinta da kayan gyaranta ba sa yankewa a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Na biyu, injin Golf 2 da Golf 3 ba shi da sarƙaƙiyar na'ura mai yawa, bakaniken ƙauye ma yana iya kwance shi ya mayar. Na uku, ƙofar nan ta baya da aka yi domin kayan cefanen iyalin Bature ta dace da buhu da akuya da kwandon tumatir, musamman a doguwar Golf 3 da aka fara yi a 1993. Sai dai wannan amfani yana da mummunan gefe. Motar da aka yi wa mutum biyar ana cusa mata fiye da haka, biyu a kujerar gaba, wani lokaci har da wasu a but. Birki da tayoyin da aka auna wa nauyi kaɗan ba za su iya da wannan lodi ba, kuma an yi asarar rayuka masu yawa a kan haka.

Saye daban, riƙo daban

Bayan na gama hidimar ƙasa na sami ɗan aiki, na haɗa ajiyata da gudummawar yayana na sayi Golf 3 ƙirar 1996, wato motar da ta girme ni. Ba daga Turai ta zo mini kai tsaye ba. Ni ne na uku da ya riƙe ta a ƙasar nan. Wannan ma alama ce ta zamani. A watan Janairu na 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin na fiye da shekara guda, sannan faɗuwar naira daga 2023 ta sa 'yar Beljiyom ma ta zama ta masu hali. Abin da ya rage wa irinmu shi ne wadda wani ɗan ƙasa ya mora ya gaji.

Dattijon bakaniken da ya duba mini ita kafin in biya bai tsaya kallon fenti ba. Ya sa hannu ya taɓa bakin mai, ya leƙa lagireto, ya kwanta ya duba ƙasan bodi ko tsatsa ta ci, ya gwada lambar inji da ta bodi da abin da ke cikin takardun kwastan. Da ya miƙe sai ya ce mini, "Ɗana, kuɗin saye sau ɗaya ake biya, na riƙo kuwa kullum ne." Na ce, "Baba, ai an ce ba ta shan mai." Ya yi murmushi kawai.

Lissafi ya gaskata shi. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da janye tallafin fetur. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da dama. Tankin Golf 3 lita 55 yake ci. A naira 1,000 kowace lita, cika shi sau ɗaya naira 55,000 ne, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Inshorar dole ta ƙananan motoci ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023. Ga sabunta takardu, ga juyen bakin mai, ga taya da batir. Duk da haka ba ta zama asara ba: da ita muke kai mahaifiyarmu asibiti cikin dare ba tare da jiran A-daidaita-sahu ba, kuma gajartarta na sa ta shiga lungunan cikin gari da babbar mota ba ta iya juyawa.

Kammalawa

Tarihin Golf ya nuna cewa mun iso inda Turai ta tsaya a 1973, amma bayan shekara hamsin, kuma ba tare da masana'antar da za ta amsa mana ba. Su da mai ya yi tsada sai suka ƙera motar da ta dace da halinsu. Mu da ya yi tsada sai muka koma neman ragowar tasu. Wani rahoto na hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. Wannan rijiya ba za ta ɗore ba, domin motocin da Turai ke yarwa yanzu cike suke da na'urorin da garejinmu bai saba da su ba.

A ganina darasi uku ne. Harhaɗa sassan da aka sayo da dala ba masana'anta ba ce, kamar yadda 1986 ta tabbatar. Sai an fara ƙera sassan a gida. Hana shigo da tsohuwar mota ba tare da samar da rance mai sauƙi da mota mai araha ba, talaka kawai yake ƙuntatawa. Sannan ilimin da ke hannun makanikai da maƙeran Ƙofar Ruwa da Panteka, waɗanda suka raya motar 1991 har zuwa yau, jari ne da ya kamata kwalejojin fasaha su ɗauka su inganta. Idan aka yi haka, mai yiwuwa ƙannenmu su sayi motar da ba ta girme su ba.