Gatarin da Bai Sari Kowa Ba

A shekarar 1348, a Ingila, wani mutum ya je neman giya da dare, ya tarar da ƙofa a kulle, ya dinga dukanta da gatari. Matar gidan ta leƙo ta taga ta tsawatar masa, sai ya kai mata sara, amma ya kuskure ta. Da suka kai ƙara, alƙali Thorpe ya yanke musu diyya, alhali ko ƙwarzane babu. Downton kuma ya yi wa Misis Wilkinson ƙaryar mijinta ya karye, firgici ya kwantar da ita, a 1897 kotu ta ba ta fam 100. Haka maƙwabci ya samu ƙofar ƙarar raunin da ido ba ya gani.