Muryar da ke nuna wa kunne wasa: daga Buffalo zuwa filin Kantu

Jama'a, yau tarihinmu zai fara daga nesa, amma a gida zai sauka.

Ranar 17 ga Agusta, 2023, Rick Jeanneret, mai sharhin wasanni, ya mutu yana da shekara 81. A Maraɗi kaɗan ne suka taɓa jin sunansa, don wasan da ya yi wa hidima ba a saba yin sa a ƙasar zafi ba. Hoki ne na kan ƙanƙara: mutum shida-shida, kowa da takalmi mai ƙarfe a ƙasa yana sulɓi, suna kora wani ɗan baƙin faifan roba da sanduna har ya shiga raga. Faifan ƙarami ne, ga gudu, sau da yawa ɗan kallo ma ba ya ganin shigarsa. Shi ya sa mai sharhi ya zama idon jama'a.

An haifi Jeanneret a 1942 a Kanada. A 1971 ya fara sharhin wasannin ƙungiyar Buffalo Sabres ta Amurka, bai sauka ba sai 2022. Shekara 51 ke nan yana bin ƙungiya ɗaya, wadda sau biyu ta kai wasan ƙarshe, a 1975 da 1999, kuma duka biyun kofin ya kuɓuce mata. Bai canza gida ba. A 1993, da ɗan wasan Sabres Brad May ya ci ƙwallon da ta fitar da ƙungiyar Boston, kururuwar da ya yi da sunan ɗan wasan ta zama abin da magoya baya ke maimaitawa har yau. Kafin ya yi ritaya aka rataya tuta mai sunansa a rufin filin, a jere da na manyan 'yan wasa, alhali aikinsa da baki ne.

To, sunan Sabres ɗin nan ma'anarsa takubba. Mu ma takobi muke nema kowace shekara a kokowa.

A 1975, zamanin Seyni Kountché, aka fara kokowar ƙasa a Tawa, kuma ɗan Maraɗi, Yakuba Kantu, shi ya fara ɗaukar takobi. Filin kokowar birninmu Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Yanzu jihohi takwas ke karawa, kowace da 'yan kokowa goma. Amma a tambayi dattawa: mutum nawa suka ga kayen Kantu da idonsu? Mafi yawa a akwatin rediyo suka gan shi.

Na tuna muna yara a Tibiri, a ɗora rediyo bisa turmi, a kamo Muryar Sahel, kowa ya yi tsit. Kana jin ganga daga baya, kana jin kirari, sai mai sharhi ya sassauta murya: sun riƙe, sun saki, an kama ƙafa. Idan ya ɗaga murya ya ce an yi kaye, unguwa ta ɗauki ihu tun kafin ya gama faɗin sunan wanda ya kayar. Manomi a lambun Jiratawa yana ban ruwa, rediyonsa rataye a reshe, shi ma yana cikin filin. Mai sharhin ne ke sanar da kai garin ɗan kokowa, da wanda ya kada shi bara, da dalilin da ya sa alƙali ya tsayar da karawa.

Ga inda muka gaza. Mutanen Buffalo sun adana muryar mutuminsu, duk mai waya zai iya saurarenta yau. Mu kuwa mun haddace sunayen Kantu da Salma Ɗan Rani da Kadade da Langa-Langa, amma waɗanda suka kawo mana su har cikin gida, yaranmu ba su san ko sunansu ba. Kaset na lalacewa, masu tunawa kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Don Allah, duk wanda ke da tsohon kaset na kokowa a gida, ya fito da shi a juye shi a waya. Wanda kuma ya tuna sunan mai sharhin da ya fi burge shi, ya rubuta mana a ƙasa, da shekarar da ya ji shi. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikinsu, Allah Ya jiƙansu da rahama.